Kaɗan-Kaɗan Ake Tara Haske



Yawancinmu mun taso muna ɗauka taurari farare ne duka. Ba laifinmu ba ne, haka ido yake. Ƙwayoyin da ke rarrabe launi a cikin idon mutum sai da haske mai ƙarfi suke aiki. Da dare ya yi, waɗansu ƙwayoyin ne ke karɓar aikin, su kuwa fari da toka-toka kawai suka sani. Shi ya sa sama take zama mana kamar baƙin zane da aka yayyafa wa gishiri, alhali tana cike da ja da shuɗi da ruwan goro.

Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoton sama da dare, da wata tsohuwar kyamara da na saya a hannu, da ƙarfe mai ƙafa uku da nake ɗora ta a kai. Ba ni da madubin hangen nesa, irin hoton da nake ɗauka kuma ba ya bukatarsa, domin faffadan yanki na sama nake so ya shiga gaba ɗaya.

Inda na fi nufa shi ne taurarin nan uku da ke jere, mafarauci da kare da zomo, waɗanda masana ke kira ɗamarar Oriyon. Daga Disamba zuwa Fabrairu suna bi ta kusan tsakar kanmu da dare. Idan ka duba kudu da su kaɗan za ka ga wani ɗan dishi-dishi kamar hayaƙi. Wannan gajimare ne na iskar gas da ƙura, inda sababbin taurari ke fitowa, ana ce da irinsa nebula. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, duk da haka wanda ke shiga kyamarata yau ya baro can fiye da shekara 1,300 da suka wuce, tun ba a fara gina ganuwar Kano ba.

A ido toka-toka ne, a hoto kuwa ja ne mai ratsin hoda. Jan daga haidurojin yake fitowa, wanda hasken zafafan taurarin da ke tsakiyar gajimaren ke sa shi ya yi annuri. Kaza da 'ya'yanta kuma, da ke nisan tafiyar haske ta shekara kusan 440, shuɗi suke fitowa, saboda ƙurar da ke kewaye da su tana mayar da haskensu. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne gare mu, suna cikin Littafin Ayuba sura 9 da 38, da Amos sura 5. Taurarin da su Ayuba suka ɗaga kai suka gani, su ne har yau a bisa rufin gidajenmu.

To, ta yaya kyamara ke ganin abin da ido ya kasa? Tana jira ne. Ido yana karɓar haske ya sake shi nan take, ita kuwa ana barin idonta a buɗe tana tarawa. A 1880 wani Ba'amurke, Henry Draper, ya ɗauki hoton farko na wannan gajimare, sai da ya bar na'urarsa a buɗe minti 51. Amma duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, don haka idan kyamarar da ke tsaye ta daɗe a buɗe, taurari sai su zama zare-zare. Ni nakan tsaya a daƙiƙa 15 zuwa 20, in ɗauki hoto ɗari ko fiye na wuri ɗaya ba tare da na taɓa komai ba.

Kowane ɗaya daga cikin hotunan nan ba abin nunawa ba ne: duhu ne da ɗige-ɗige kamar an watsa tsaki. Sai an haɗa su a kwamfuta da manhaja irin Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda kyauta ake samu. Ɗige-ɗigen suna sauya wuri daga hoto zuwa hoto, sai su yi ta kashe juna. Hasken gaskiya yana nan wuri ɗaya, sai ya yi ta ƙaruwa. Hoto huɗu suna rage dattin da rabi, hoto ɗari suna rage shi ninki goma.

Wannan lissafi ne ya fi zama mini a rai. Mu matasa muna auna rayuwarmu da hoto ɗaya: jarrabawa ɗaya, neman aiki ɗaya, addu'ar dare ɗaya da muka tashi ba mu ga amsa ba. Wanda ya duba hotona na farko kaɗai zai rantse babu kome a wurin. Jan nan kuwa yana ciki tun daga farko, bai dai taru ba tukuna.

Abin da ke damuna shi ne duhun kansa yana ƙarewa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin layin taurarin nan da ya ratsa sama, saboda fitilun birane. Mu ma fitilun tsaro da na janareta suna ƙaruwa, ga shi halin da ake ciki bai bar mutum ya fita daji da dare ba. Saboda haka a tsakar gida nake aikina, musamman idan na je ƙauye ko an ɗauke wuta. Hazon hunturu ma yakan rufe sama, don haka daren da ya fi kyau shi ne na bayan ɗaukewar damina, cikin duhun wata.

Ga roƙona. Bayan zumunta wani dare, mu tsaya a harabar coci, mu kashe fitilu, mu sa wayoyi a aljihu. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya kuma yana mayar da aikin baya. Zan kawo kyamara. Mai wayar da ke da tsarin ɗaukar hoton dare ya zo da ita, ya jingina ta da dutse ta kalli sama. Ku zo da rigar sanyi, ku zo da ƙannenku.

Ubangiji ya ba mu haƙurin jira. Amin.