Rabon Mai Tsaron Kaya

Sabha babban gari ne a ƙasar Fezzan, can kudancin Libiya, a tsakiyar hamada. Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa, gama ta can ayarin raƙuma yakan ratsa daga Kano zuwa Murzuk har Tarabulus. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu Italiya ce take mulkin wurin, tana da kagara a bisa tudu da filin jirgin sama. A watan Disamba na 1942 sojojin Faransa na Janar Lekler suka taso daga Chadi, suka ratsa duwatsun Tibesti, suka ci Sabha ran 12 ga Janairu 1943. Kafin watan ya ƙare sun sadu da sojojin Ingila a Tarabulus. Yawancin rundunar baƙar fata ne. Daga baya Faransa ta ba sojojinta lambar yabo wadda aka rubuta sunan Fezzan a kan ɗan ƙarfen da ke jikin igiyarta.

A cikin waɗanda suka isa Sabha akwai wani saurayi Bahaushe wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Ci rani ya kai shi Fotlami, garin da ake kira Njamena yanzu, shi da amaryarsa. A farkon 1942 Faransawa suka kafa rukunin jiragen yaƙi a garin, suna neman ma'aikata, ya shiga a matsayin lebura. Aikinsa shi ne gangaro duron fetur, da tace man da fata mai laushi kada ƙwayar yashi ta shiga inji, da rufe jirgi da tamfol in guguwa ta taso, da miƙa wa makanike sifana. Da rundunar ta nufi arewa, aka ɗora shi a babbar mota tare da duro. Daga Fotlami zuwa Sabha ya fi kilomita 1,600, kowane ɗigon mai kuwa sai an ɗauko shi daga baya. Da rana ƙarfen jirgi yakan yi zafi har ya sale fatar hannu, da dare kuma sanyin hunturu ya hana yatsu lanƙwashewa. Ya sani in ya yi sakaci da tata, matuƙin da ya tashi da safe ba zai komo ba.

Bayan yaƙi ya koma gida ƙasar Katsina, ya kama noma. A wajen 1955 ya ji bishara ta bakin wani mai wa'azi, shi da matarsa suka ba da gaskiya. Shi ne ya zama mai share majami'a da buga ƙararrawa da kunna fitila, har tsufa ya kama shi, yara da manya suna kiransa Baba. Mutum ne mai haƙuri, amma akwai abu guda da yake cinsa. Duk sa'ad da ya ga tsofaffin sojoji sun jera lambobi a ƙirji, sai ransa ya ɓaci. Sau biyu ya je wani ofishi neman tasa, aka ce ya kawo takarda. Ba shi da ita, domin lebura ba shi da lambar soja, sunansa ba ya cikin littafi. Yakan ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Tun daga Satumba 1940 Ingila take kawo jirage a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yau. A can ake harhaɗa su, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Kartum, har Alkahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. A kowane zango akwai masu zuba mai da masu gyara da masu share fili, Turawa da 'yan ƙasa. Ingila ta yi wata lamba mai suna Tauraron Afirka domin waɗanda suka yi aiki tsakanin 10 ga Yuni 1940 da 12 ga Mayu 1943, amma ƙa'idarta ba ta haɗa da Afirka ta Yamma ba. Makaniken da ya karɓi jirgin a Masar ya samu, wanda ya gyara shi a Kano bai samu ba. Har a 2013, da Ingila ta ƙara wata alamar girmamawa ga rundunar jiragenta masu jefa bom, waɗanda suka tashi sama kaɗai aka ba, aka bar na ƙasa.

Mai karatu, kada ka ce kukan Baba son girma ne kawai. Lambar ba ta da nauyi, ba ta kuwa sayen mudun gero. Abin da yake nema shi ne shaida. 'Ya'yansa sun ji labarin Sabha sau da yawa, amma samarin gari suna yi masa dariya a ɓoye, suna cewa tsoho ya fara ƙari. Wanda ya sha wahala aka ce bai sha ba, an ƙwace masa abu sau biyu.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi daga 1 Sama'ila sura 30. Amalekawa sun ƙone Ziklag, sun kwashe mata da yara. Dawuda ya bi su da mutum 600, amma 200 suka gaji, suka tsaya a rafin Besor wurin kaya. Da aka komo da ganima, waɗansu daga cikin mayaƙan suka so a hana su rabo. Dawuda ya ƙi, ya sa aka raba daidai tsakanin wanda ya shiga fagen fama da wanda ya yi tsaron kaya, ya mai da wannan doka a Isra'ila.

Baba ya koma gida yana murna kamar wanda alƙali ya ba gaskiya. Ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Ashe Littafi ya san da mu."

Tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Na ji, Maigida. To, sa'ad da kake Sabha, wa ka bari a Fotlami da ciki, ba dangin iya ba na baba? Wa ya sayar da ƙosai a bakin kasuwa ya biya kuɗin ɗaki? Shekara 40 kana ba da labarin yaƙin nan, ban taɓa jin ka kai wurin ba."

Baba bai amsa ba. Ya zauna a zaure har rana ta faɗi, mutane suna wucewa suna gaishe shi. Bai daina cewa an hana shi haƙƙinsa ba, gama an hana shi. Amma daga ranar, in jikoki suka nemi labarin Sabha, yakan fara daga Fotlami, ya ce su kira kakarsu ta faɗi nata tukuna.

Wannan hali yana cikin ikkilisiyoyinmu. A ranar babban taro akan kira mai wa'azi da wanda ya ba da buhunan siminti, a tafa musu. Matan zumunta da suka kwana bakin murhu suna bayan majami'a suna wanke kwanuka, ba su ma ji abin da aka faɗa ba. Gaskiya ne Ubangiji yana ganin aikin ɓoye, zai kuwa sāka. Amma wannan magana ta'aziyya ce ga wanda aka manta da shi, ba hujja ba ce ga wanda ya manta. Dawuda bai ce wa mutanen Besor su jira ladan Allah ba, ya raba musu ganima a ranar.

Baba ya rasu a 1994, lambar ba ta zo ba. Matarsa ta bi shi bayan shekara biyu. A jana'izarsa dattawan ikkilisiya suka ambaci shara da ƙararrawa da Sabha. A tata kuwa, babban ɗansu ya miƙe ya ba da labarin ƙosan Fotlami, mutane da yawa a ranar suka fara jin sa.

Jikokinsu biyu sun bi hanyar Agadas zuwa Sabha neman aiki. Ɗaya birkila ne, ɗaya yana gyaran mota. Kuɗin da suka aiko da shi ne aka yi wa majami'ar ƙauyen rufin kwano. 'Yan'uwa, in an zo ranar godiya, a karanta sunayensu, a karanta kuma na matan da suka bari a gida.