Tsamin Nono da Kogon Haƙori

Duk mai neman gurbin karatun likitancin haƙori a Nijeriya ƙofa ɗaya zai bi, wato jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu zai zana: Ingilishi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, a kan maki 400, kuma tun 2015 a kwamfuta ake amsa su. Sharaɗin ɗaya ne ga ɗan Legas da ɗan garinmu Zakka ta ƙaramar hukumar Safana. Bambancin yana ga irin tafiyar da kowannensu zai sha kafin ya iso bakin ƙofar.

Wasu daga cikin ƙayoyin hanyarmu sanannu ne. Muna maƙwabtaka da dajin Rugu, kuma tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, iyaye da yawa a ƙasar Batsari da Safana sai sun yi dogon tunani kafin su tura ɗa makarantar kwana. Amma akwai wata ƙaya da ba a cika ambato ba, alhali ta fi shafar mu manazarta Hausa. Ita ce ta harshe.

Na fahimci girmanta ne a watanni ukun da na yi ina taya ƙanwata bita. Burinta ta zama likitar haƙori, domin ta tashi tana ganin mai ciwon haƙori a garinmu yana cusa kanumfari a kogo, in abin ya ci tura a nemi mota zuwa Katsina. Ta haddace ma'anoni da Ingilishi kamar karatun allo, ba gargada. To amma da zarar an juya tambaya, sai ta tsaya cik. Ta riƙe lafazi, ma'ana kuwa ba ta zauna ba.

Sai muka yi yarjejeniya: ta karanta babi da Ingilishi, ta rufe littafi, sannan ta bayyana mini shi da Hausa kamar Inna take yi wa bayani. A nan ne darasin asid ya buɗe. Madarar da ta kwana a ƙwarya tana zama nono ne saboda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun ci sukarin cikinta, sun fitar da tsami. Irin wannan tsamin ne ƙwayoyin da ke maƙale a haƙori suke fitarwa bayan an sha alewa, shi ne kuma yake narkar da farin ɓawon haƙori sannu a hankali har ya yi kogo. Kanwar da ake jefawa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ita ce misalin haɗuwar asid da kishiyarsa. Jigon masu lambu da awartakin maƙeri suka warware mata babin fiziks na yadda ƙaramin ƙarfi ke ɗaga babban nauyi. Ranar da ta kama bakin zaren ta ce, "Yaya, ashe duk a gidan nan suke."

Sai dai hanyar tana da iyaka. Kalmar tsami ba ta ɗauke dukan ma'anar asid, domin ruwan batir asid ne, kuma babu mai ɗanɗana shi. Muna da ƙwayar zarra, amma da muka zo ga sassanta da yadda take ƙulluwa da 'yan'uwanta, sai muka koma ƙirƙirar kalmomin wucin gadi, waɗanda ba su wuce zauren gidanmu ba. Haka malamin kimiyya a kowane aji yake yi: ya ƙirƙiri tasa yau, wani ya ƙirƙiri wata gobe, ɗalibi ya rasa wadda zai riƙe.

Magabatanmu sun nuna aikin mai yiwuwa ne. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya sa a yau muke nazarin harshe da adabi da Hausa tun daga digiri na farko har na uku. A 2006 kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Mun share wa fagenmu hanya. Ɗalibin kimiyya na karkara yana jiran irin wannan hidima ta iso ajinsa.

Ba cewa nake a jingine Ingilishi ba. Da shi ake jarrabawar, da shi kuma za a yi shekara shida ta karatun. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya fahimta da harshensa ya fi saurin riƙe kalmar baƙon harshe, kuma in ya gama, da Hausa zai yi aiki. Ciwon dauɗe, mai cinye fuskar ƙananan yara, daga kumburin dasashi yake farawa, kuma ana iya tare shi in an gane da wuri. Saboda shi aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Uwar da za ta kawo ɗanta da Hausa za ta yi bayani, da Hausa kuma take bukatar a faɗa mata abin yi.

Shawarata ita ce sassan Hausa na jami'o'inmu su zauna da Tsangayar Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero da malaman sakandare, a ɗauki manhajar JAMB babi bayan babi, a daidaita kalmominta, a kuma gwada su a azuzuwan Safana da Batsari kafin a kai su maɗaba'a.