Daga Balas zuwa Tauraro

Muna yara a Moriki, in ka ji direba yana gunaguni, to ko dai da mai mota yake ko da ɗan kamasho. Ranar Alhamis tun da asuba ake lodin kasuwar Shinkafi, sauran ranaku a nufi Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929. Lissafin direba bai da yawa: ya haɗa balas ɗin mai mota, ya sha mai, ya ware na cefane. Da sun cika sai ya kafe mota a gindin darbejiya ya miƙe ƙafa, ko fasinja zai yi kuka. 'Yan kabu-kabu ma da suka zo, halin suka gada.

Mun ɗauka lalacin mutanenmu ne. Ashe a 1997 wani masani mai suna Colin Camerer da abokan bincikensa sun bi diddigin direbobin tasi na birnin New York, suka tarar da yawansu, musamman sababbin hannu, suna yanka wa kansu kuɗin yini, in ya cika su tashi, ko da ranar kasuwa ta buɗe.

Wannan lagon kamfanonin kiran mota ta waya suka kama. A 2017 jaridar New York Times ta tona yadda Uber ke yi a Amurka: direba zai rufe manhaja ya tafi gida, sai saƙo ya faɗo cewa saura ƙiris ya cika wani adadi, adadin da ba shi ya yanka ba. Bai sauke fasinja ba an turo masa na gaba. Ga taurarin da fasinja ke ba direba, ga lambobin yabo da ba sa sayen ko mudun gero, amma mutum ya kwana a titi dominsu.

Uber ta sauka Legas a 2014. Irin waɗannan motoci ba su iso Moriki ba, yaranmu ne suka iske su a birni. Wani ƙanena da ke tuƙi a Kano ya zo Sallah, na tuna masa yadda babansa kan je wa mai mota da dattijo ɗaya, a ce, "Alhaji, yau kasuwa ba ta ci ba," a yafe masa rabin balas. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ni wa zan kai wa dattijo?" Sai ya zaro waya yana nuna mini taurarinsa.