Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba

A nan Hanwa ta Zariya akwai samari da ke raba dare a gaban laftof suna ƙirƙirar wasannin waya, ba don wani ya biya su ba, sai don sha'awa. Wasu ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne, wasu kuma a YouTube suka koya. Idan kana son gane wanda zai yi nisa a cikinsu, kada ka tsaya ga kyan zanen wasansa. Ka duba yadda yake ajiye aikinsa.

A kwamfutar wani za ka tarar da fayil mai suna "wasa ƙarshe", a ƙarƙashinsa "wasa ƙarshe 2", sai kuma "wasa ƙarshe na gaske". Ranar da aka ɗauke wuta batir ya mutu, shi kansa ba zai iya nuna maka wanne ne mai aiki ba. Alhali tun 2005 Linus Torvalds ya samar da Git, manhajar da ke adana kowane sauyi tare da ɗan bayanin dalilinsa. Kyauta ce, kuma ba ta buƙatar data sai lokacin tura aikin zuwa shafin GitHub. Wanda ya saba da ita, idan gyaran yau ya ɓata na jiya, sai ya koma baya hankali kwance.

Haka batun sanya suna. A ce yaro yana gina wasan dara a Godot, injin da aka saki kyauta ga kowa a 2014. Dara tana da gida 30, layi 5 sau 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Mai gaggawa zai watsa 5 da 6 da 12 a ko'ina cikin rubutun manhajar, ya kira abubuwa da x da y. Mai natsuwa kuwa zai rubuta adadin wuri guda, ya ba shi suna kamar "yawan 'ya'ya". Bayan wata uku, na farkon zai zura wa aikinsa ido kamar wani ne ya rubuta, na biyun kuma zai ɗora daga inda ya tsaya.

Sai yadda ake neman taimako. Sau da yawa abin da za ka ji shi ne, "Yaya, wasana ya ƙi yi." Ya ƙi yin me? Ga misalin da ke yawan faruwa: ɗan tseren da ke cikin wasan yana sheƙa gudu a waya mai tsada, amma a ƙaramar itel ta ƙanin mai wasan tafiya yake da ƙyar. Dalilin shi ne an ɗaure motsinsa da yawan hotunan da waya ke nunawa a daƙiƙa. Wata tana nuna 60, wata 30, sai gudun ya ragu da rabi. Maganin shi ne a lissafa motsin da lokacin da ya wuce tsakanin hoto da hoto, abin da masu sana'ar ke kira delta. Wanda ya san sunan zai samo amsa nan take. Wanda bai sani ba zai kwana yana zargin wayar. Koyon kalmomin sana'a ba burga ba ce, da su ake tambaya a fahimce ka daga Zariya har Legas, inda Maliyo Games ke fitar da wasanni tun 2012.

Ƙannena, waɗannan ɗabi'u ba sa cin kuɗi ko data, haƙuri kawai suke so. Kuma ranar da ɗayanku zai nemi abokin aiki, ko ya tura wasansa ga kamfani, rubutun manhajar za a fara buɗewa a karanta kafin a saurari bayaninsa.