Sanƙo ya riga difloma zuwa

Duk wanda ya san ni a Poli da hula ya san ni. Lakca da hula, wajen mai shayi da hula, har filin ƙwallo sai an busa usur nake cire ta. Wasu na ɗauka ustazanci ne. Gaskiyar magana, sanƙo nake ɓoyewa, ga shi shekarata 22 kacal.

Wanzamin unguwarmu a Dawakin Tofa ne ya fara fasa ƙwan. Na je gida hutun ƙaramar sallah, yana cikin yi min aski sai ya dakata ya ce, "Ɗan Malam, goshin nan naka fa ya fara cin iyaka." Rumfa ta kwashe da dariya. Wani ya ce ai alamar arziki ce. Na lura mai faɗin hakan kansa cike yake da suma.

Daga nan na shiga neman magani. Man tafarnuwa, man habbatussauda, wani haɗi da na saya wajen mai lasifika a tasha wanda ya bar min ƙaiƙayi na sati guda. Sai kuma wayata ta gane damuwata, TikTok ya dinga jero min bidiyon dashen gashi a Istanbul: mutum ya shiga da kai kamar ƙwarya, bayan shekara ya fito yana taje suma. Na tura saƙo, aka turo min farashi da dala. Da na haɗa da kuɗin jirgi na mayar naira, sai ga miliyoyi. Ko riɗin gidanmu na shekara uku aka kai Dawanau ba zai biya ba. Abin da ya rage shi ne in jinginar da ɗan kasona na gonar da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa. Ku da kuka san yankinmu kun san gona ba ta da faɗi, kowace kunya da mai ita, kuma wadda ta fita hannu da wuya ta dawo.

Na tunkari Yaya da maganar. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce, "Ka fara zuwa ka ga likita, in ya ce a yi, sai mu zauna."

Likitar fata na gani a Asibitin Malam. Ta duba kan don ta tabbatar ba makero ba ne ko wata cuta, sannan ta tambaye ni yadda kan Baba yake da na kawunnaina. Na ce Kawu nasa ya kai har kusa da ƙeya. Ta ce to, irin na gado ne. Wani sinadari a jikin namiji da ake kira DHT shi ke sa saiwar gashin gaba da na tsakiyar kai ta riƙa ƙanƙancewa har ta daina fitar da gashin kirki. Na ƙeya da gefen kunne galibi ba ya jin wannan sinadarin, shi ya sa ake ciro shi daga can a dasa a gaba.

Nan take na gane, don na yi dashen dawa tun ina yaro. Inda shuka ta yi cunkoso kake cirowa ka cike gurbin da bai tsira ba. Ba ka ƙara ko kara ɗaya ba, wuri kawai ka sauya musu. Sai dai a gona baɗi za ka sake shuka. A ƙeya kuwa, saiwar da aka cire ta tafi ke nan, kuma adadin da za a iya cira ƙayyadadde ne.

Ga inda matsalar irina take. Nawa sanƙon bai gama tafiya ba, ba wanda ya san inda zai tsaya. In aka cike min goshi yau, gashin da ke bayan dashen zai ci gaba da zubewa. Nan da wasu shekaru sai a wayi gari da tsibirin gashi a gaba, fili a bayansa, ga ƙeya an riga an kwashe. Wayne Rooney ya yi dashe a 2011 yana da shekara 25, ya sake komawa a 2013. Shi a lokacin albashin Manchester United yake ɗauka, ni kuwa gona ɗaya gare ni.

Ta ƙara da abin da bidiyon ba ya faɗa. Gashin baƙar fata a lanƙwashe yake tun daga ƙarƙashin fata, don haka hannun da bai saba da shi ba yana iya yanke saiwa wajen cira. Kuma mu mun fi saurin yin tabo mai tudu. In kana cikin masu fitar da ƙuraje a ƙeya bayan aski, ka faɗa wa likita kafin kowa ya taɓa ka da wuƙa.

Ni ban ce dashe yaudara ba ne. Mutumin da sanƙonsa ya tsaya, yana da ƙeya mai kauri da kuɗin da ba na gado ba, ya je abinsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu tallan suna nuna mana wata na goma sha biyu, ba sa nuna shekara ta goma.

Ta yi min bayanin magunguna biyu. Minoxidil shafawa ake yi. Finasteride ƙwaya ce mai rage DHT, amma wasu ƙalilan tana rage musu sha'awa, don haka ba abin da za ka saya a kemis kan shawarar abokin ɗaki ba ne. Dukansu sai an yi watanni kafin a ga alama, kuma in ka daina, zubewar ta dawo. Na zaɓi na shafawa tukuna, za ta sake duba ni bayan wata shida.

Gonar na nan, bana gero da wake Yaya ya shuka a ciki. Satin da ya wuce na shiga lakca ba hula karon farko. Wata a bayana ta ce, "Au, ashe dai kai ne." Har yanzu ban san me take nufi ba, kuma washegari na mayar da hulata.