Tazarar Inci Huɗu

Ina ɗan shekara biyar na dafa kaskon wuta. Lokacin hunturu ne, Inna ta kai mana garwashi ɗaki don jin ɗumi, ni kuwa na taso cikin magagin barci na kifa tafin hagu a kansa. Ƙunar ta warke, amma sai da ta karɓi rabonta: ƙaramin yatsana ya lanƙwashe, fatar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa ta ɗinke, har yau ba ya buɗuwa kamar na sauran mutane. Da wannan hannu na girma, kullum yana cikin aljihu, ko a hoto ba na bari a gan shi.

Mahaifina baduku ne a tsohon garin Sakkwato. Jar fatar akuyar ƙasarmu yake ɗinkawa, wadda ake jeme ta da bagaruwa a rina ta da karan dafi, irin wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Ba ya yanka takalmi sai ya sa mai shi ya taka takarda ya zana sawunsa. Idan wani ya nace a kan wanda aka riga aka ɗinka alhali ya matse shi, sai Baba ya karɓe abinsa ya ce, "Ba a rage ƙahwa don takalme." Na ji wannan magana ba adadi, ban taɓa zaton da ni take ba.

Ranar 14 ga Fabrairu, 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ina aji uku a lokacin, ina nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Zaman ya ishe ni. Wata rana Baba ya aike ni gyaran rediyonsa wurin wani dattijo, mutumin Zuru, da ke da shago kusa da barikin Giginya. Tsohon soja ne da ya yi aikinsa a rukunin masu badujala, kowa Ofisa yake ce masa. Tun ban kai ƙofar shagon ba na ji wani amo mai kauri, wanda ƙirjina ya riga kunnena jin sa, kamar an bugi tambari a cikin rijiya. Na leƙa na tarar da shi rungume da wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu, kowace ta kusa kaurin tsinken tsire. Ya ce sunanta bes. Ya ce ita ba ta rera waƙa, aikinta ta riƙe wa sauran kayan kiɗa ƙasa su taka, kuma ba a sanin tana nan sai ta yi shiru. Rediyon Baba ya kwana uku a shagon, ni kuma na kwana uku ina ƙirƙiro dalilin komawa.

Da Ofisa ya yarda ya koya mini, sai hannuna ya ƙi. An gitta ƙarafa a wuyan jita, kowane ƙarfe da muryarsa, kuma waɗanda ke can wajen kai sun fi nisa da juna. Ƙa'idar da ya koya mini ita ce kowane yatsa ya tsare gida ɗaya. Nawa uku ne ke isa, na huɗun sai ya tsaya a hanya yana karkarwa. Wata biyu ina fama, wuyan hannuna ya kumbura, na fara shirin sallama. Ran nan Ofisa ya kama tafina ya juya shi, ya daɗe yana duba tabon. Tun bayan Inna babu wanda na bari ya yi haka. Bai ce komai ba, ya sunkuya ƙarƙashin teburinsa ya jawo wani buhu mai ƙura. A ciki akwai wata jita gajera, fentinta ya koɗe, sunan maƙerinta ya goge.

Ya ɗauko tef irin na tela ya nuna mini abin da har gobe nake cin abinci da shi. Ba a auna bes da tsawon jikinta. Abin aunawa shi ne tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa, daga ƙashin da ke wajen kai zuwa jakin da ke kan ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce a auna daga ƙashin zuwa ƙarfe na goma sha biyu, a ninka biyu. In awon ya ba da inci 17, doguwa ce mai inci 34, wadda ita ta cika duniya tun da Leo Fender ya fito da samfurinsa a Amurka a 1951. In ya ba da 16, matsakaiciya ce mai 32. In kuwa 15 ne, gajera ce mai inci 30. Tazarar inci huɗu ce kacal tsakanin wadda ta gagare ni da wadda ya miƙo mini, amma an rarraba tazarar a kan kowane gida. Daga kai zuwa ƙarfe na huɗu inci 7 ne a doguwar, a gajerar kuwa 6 da 'yan kai. Na ɗora hannu. Lanƙwasasshen yatsan nan da na yi shekara goma sha bakwai ina ɓoyewa ya sauka a gidansa, tsirkiya ta amsa. Sai da na fita waje na share ido.

Gajerar tana da halinta. Saboda tsirkiyarta ba ta kai ta doguwa ɗaurewa ba, ta fi laushi a yatsa, muryarta kuma ta fi kauri da zagaye, ko da yake idan aka fizge ta da ƙarfi sai ta yi ɓaɓatu a kan ƙarafa. Ta koya mini sassauci. Ofisa ya sayar mini da ita bashi, na biya da aikin naɗe waya da share shago.

Kai ta gida shi ne aiki. Garinmu garin Shehu ne, kuma ƙasarmu ce ta haifi Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan'anace, ta kuma ajiye Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi. A aji muna feɗe waƙoƙinsu baiti baiti, muna samun maki da su, amma ɗan gidan mutunci ya rataya abin kiɗa, wannan wata magana ce. Na san gidajen da ba za su ba maroƙi 'ya ba ko da waƙarsa ce ke tashi a rediyonsu. Don haka na shigo da ita cikin buhun gero, na tura ƙarƙashin gado a shagona na zaure. Sai bayan isha'i, gida ya yi tsit, nake fito da ita in kaɗa ba tare da sifika ba, ina jin daɗin cewa bes da ba a haɗa ta da wuta ba raɗa kawai take yi.

Wauta ta same ni a farkon ɗari. Na je wani sutudiyo a cikin gari, inda fiyano ke yin aikin kowane abin kiɗa, ina fatan a sa ni a waƙa. Samarin wurin suka dubi jitata suka tuntsire da dariya, wani ya ce ta yara ce, a kai wa 'yan firamare. Cikin mako guda na yi musayarta da wata doguwa ja mai ƙyalli a hannun wani ɗan hidimar ƙasa. Kwana goma kumburin ya dawo. Da na je wa Ofisa a sunkuye, bai yi mini faɗa ba. Tambayata ya yi ko tsirkiya nawa ce a kuntigin Ɗanmaraya Jos, kuma wane zaure ne ya gagare shi cikawa. Ya ce Paul McCartney na ƙungiyar Beatles da gajera ƙirar Höfner ya zagaye duniya, irin wadda ya saya a Jamus a 1961, kuma shi kansa kamfanin Fender ya dawo ya ƙera gajera mai suna Mustang a 1966. "Ɗan makaranta," in ji shi, "ba girin-girin ba, ta yi mai." Na koma na roƙi ɗan hidimar ƙasar, ya ce sai da ciko. Kuɗin da na tara don sayen littattafai su suka fanso mini abata.

Wannan asara ce ta buɗe mini ido a kan ciniki. Kayan kiɗa irin waɗannan a Sakkwato galibi suna hannun majami'u da barikoki da baƙin da aiki ya kawo, kuma duk wanda zai bar gari yakan so ya rage kaya. Na koyi ɗaga jita in hangi wuyanta da ido ɗaya, yadda Ofisa ya ce ana hangen bakin bindiga, don in ga ko ya murɗe. Na koyi cewa iskar hunturu tana tsotse itace har bakin ƙarafa ya fito yana yankar hannu, wuya kuma ya sauya tsayuwa, masu kaya su ɗauka ta lalace. Magagari da ɗan juya ƙarfen da ke cikin wuyan, rubu'in zagaye a kowane karo, sukan dawo da ita. Na koyi cewa tsirkiyar doguwa ba ta zama lafiya a kan gajera, domin kaurinta ne zai naɗe a maɗauri har ya karye, kuma tunda ta gajerar sai an yi saƙo daga nesa, nakan tafasa tsofaffin a tukunya su saki dattinsu su ƙara kwana. Abu ɗaya na ɗauko daga rumfar Baba: ba na sayar da kaya sai na faɗi aibinsa, kuma ba na miƙa wa mutum jita sai na ga tafinsa.

A wannan tsakanin idon Baba ya fara hazo. Da fari zare yake ba ni in zura masa, daga baya basilla ta riƙa samun yatsansa maimakon fata. Likita ya ce yana ce, sai an yi aiki. A watan Yunin 2023 ne, an cire tallafin mai, komai ya tashi, Naira kuma ta faɗi. Na haɗa ribar cinikina da abin da Inna ta samu a kan tunkiyarta, bai kai ba. Abin da ya rage mai daraja a hannuna yana ƙarƙashin gado.

Mai sayen wani saurayi ne daga Birnin Ƙonni, mai kiɗa a bukukuwan Buzaye, ya shigo ta Illela. Ya auna ta da kansa, ya kaɗa wani salo irin na Agadas mai tafiya kamar sassarfar raƙumi, na ji muryoyin da ban san tana da su ba. Na faɗa masa aibinta duka, har da maɗaurin da ke sakewa, ina fatan ya fasa. Bai fasa ba. Ya biya da sefa, muka yi alkawari in na samu hali zan bi sawu in fanshe ta. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓe mulki a Yamai, aka rufe iyaka. Kafin a buɗe ta a watan Maris na 2024, lambar saurayin ta daina shiga.

An yi aikin lafiya. Kwana biyu bayan an cire masa auduga, ina zaune gefen tabarmarsa, Baba ya ce, "Ina kas samu kuɗɗin ga?" Na fara kame-kame. Ya ce, "Iccen ga da kaka kaɗawa da dare, shi kas saida?" Jikina ya yi sanyi. Ashe duk daren da na jingina jitar da ƙafar gado, gadon na kai amon ga bango, bangon kuma shi ne na ɗakinsa. "Idona ad da ciwo," in ji shi, "kunnena lahiya lau shike." Na jira hukunci. Ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce bai ce in yi ba, bai kuma ce in bari ba, amma kada ya ji an kira salla ina riƙe da ita, kuma kada ya ji na wasa wani don a ba ni. Daga nan bai sake tayar da maganar ba.

Da likita ya yarda ya koma rumfa, na lura akwai wani aiki da yake turawa ƙarƙashin buzu in na shigo. Ranar da zan tafi sansanin hidimar ƙasa ya miƙo mini ƙunshi a takardar siminti. Maratayi ne na jar fata, mai faɗi a kafaɗa, an yi masa ɗinki biyu, an huda ramuka a jere. Shi ne abu na farko da sabon idonsa ya ɗinka, kuma ya san ba ni da abin da zan rataya a jikinsa.

Wata bakwai ina tara alawus kafin na samu wata a hannun wani mai kiɗan majami'a. Na zaro tef na auna: inci 16 zuwa ƙarfe na goma sha biyu. Matsakaiciya ce. Na yi jim, domin na san abin da inci ke yi wa hannuna. Na ɗora yatsu, na huɗun ya miƙe da ƙyar ya isa. Darare da na yi a kan gajerar sun saya mini inci biyu. Sauran biyun ban sa rai da su ba, ba na kuma nemansu.

Da na kawo ta gida ban sa ta a buhu ba. Na shigo da ita ta zaure da rana tsaka, Baba na zaune yana yanka fata. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya dubi hannuna da ke riƙe da wuyanta a fili, ya ce in rataya ya gani. Na ɗauko maratayin na maƙala. Bai taɓa auna kafaɗata ba, amma ramin farko da na gwada shi ya yi daidai. Ya gyaɗa kai, ya koma kan fatarsa.