Hoton da Jikoki Za Su Gani

Har yau “wanke hoto” muke cewa, alhali zamanin fim da ɗakin duhu ya shuɗe, har kamfanin Kodak da ya yi tashe da fim ya sanar da karayar arzikinsa a 2012. Kalmar ta zauna, al'adar kuwa ta tafi. Kowannenmu na yawo da dubban hotuna a waya, ita kuma waya faɗuwa take yi, lalacewa take yi, ƙwace ta ake yi. Sai a wayi gari hotunan sunan ɗa da bikin 'ya sun bi ruwa.

Shi ya sa duk bayan Babbar Salla nakan zaɓi hotuna kaɗan in wanke. Ina da firinta a gida, tana kuma fitar da ni kunya wajen aikin makarantar yara, amma hoton da nake son ya daɗe ba na ba ta. Tawadarta tsada gare ta. In ta yi makonni ba aiki, ga ƙurar hunturu, sai ƙananan kafofinta su toshe, share su kuma tawada yake sha. Yawancin firintocin gida da tawadar rini suke aiki, wadda rana da danshi kan sa ta koɗe. Manyan gidajen hoto kuwa, da yawansu takarda mai sinadarin azurfa suke amfani da ita: haske ya zana hoton, sannan a wanke da sinadarai. Irin wannan kan yi shekaru gommai a cikin albam. Araha ba ta ado.

Sai dai gidan hoto na da sharuɗɗa biyu. Na farko, a kai asalin hoton, ba wanda ya biyo ta WhatsApp ba, domin manhajar kan rage ingancinsa. Hoto mai inci 4 da 6 yana son kusan fiksel 1,200 da 1,800 kafin ya fito tas. Na biyu, amana. Hotunan iyali ne, da matan gida a ciki, don haka ba na barin wurin sai an goge su daga kwamfutar mai hoto a gabana.

Hoton kakata ɗaya tak muke da shi, baƙi da fari, amma duk jikan da ya zo gida sai ya gan ta. Ban san jikan da zai gaji lambar sirrin wayata ba.